Fiyar Baba Ta Ƙosa

Babana ya yi shekara talatin yana fataucin goro tsakanin Kurmi da Sakkwato, kuma abin da ya dawo mana da shi a tafiyarsa ta ƙarshe, ban da ciwon gwiwa, shi ne ƙwallaye biyar ƙulle cikin tsumma. Ya ce ƙwallon fiya ne. Lokacin ba wanda ya san fiya a unguwarmu a Boɗinga. Ya ce wani ɗan itace ne da mai masaukinsa yake ba shi da safe, a tsaga biyu, a cire ƙwallon, a sha da cokali. Ba ta da zaƙi, ba ta da tsami, cikinta man shanu ne sak, Allah ya zuba shi cikin ɓawo. Wannan magana ta man shanu ita ta jawo mana abin da ta jawo, domin ba a gida kaɗai ya faɗe ta ba. Ya faɗe ta a majalisarsu ta gindin durumi kusa da masallaci, gaban tsofaffin da ba su san mantuwa ba.

Ya shuka ƙwallayen a garkarmu ta bayan gari, ta hanyar Dingyaɗi, dab da bakin rijiya. Huɗu suka tsiro suka ƙone. Ɗaya ta ƙi mutuwa, don dai ta wahalar da ni. Ni ne babban ɗa, garka a hannuna take, kuma albasar da nake nomawa a cikinta ita ke riƙe da gidan tun da Baba ya ajiye fatauci. Amma doka ita ce, kafin fangalin albasa ko ɗaya ya ga ruwa, sai na zuba wa fiya guga ashirin. In zafi ya shigo in kafa mata rumfar zana kada rana ta taɓa ganyenta. Shekara takwas ina wannan bauta. Mangwaron da muka dasa bayanta har yara sun gaji da shansa, ita kuwa sai tsawo da ganye, sai furen da take yi lokacin sanyi ta kakkaɓe shi duka a ƙasa.

A shekara ta tara ta ga dama ta riƙe 'ya'ya, kuma ta zaɓi shekarar da ba wanda ke neman ƙarin wahala. Lokacin ne aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, shinkafa sai dai ka ji labarinta. Motocin 'yan siyasa kuwa ba su fasa wucewa ba, su nufi garin Shagari su dawo, lasifika na ta kururuwa, kowa na alkawarin injin ban ruwa. Ni ban ga inji ba. Abin da na gani shi ne igiyar gugana da na ƙara wa tsawo har sau biyu a ranin nan, kuma duk da haka rabin abin da ke fitowa laka ne. Na je na durƙusa gaban Baba na ce ruwan ba zai ishi albasa da fiya ba, a rage mata ko guga goma.

Ya ce, "Ɗiya tad ɗauka. Mai ciki aka rage ma ci?"

Fangali shida na ƙarshen garka suka bushe ina ji ina gani. Na ji haushin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba ni da wanda zan sauke wa sai jakina.

Zafin bazara ya zubar da 'ya'yan da yawa, aka tsira da bakwai. Damina ta zo, ita ma da rowarta a shekarar, amma dai ta hutar da ni daga guga. Kafin gero ya fitar da kai kowace fiya ta kai dunƙulen hannu, kore shar, fatarta na ƙyalli. Kullum bayan ya sha kunu Baba zai ɗauki sandarsa ya ɗingisa har garka. Itacen bai yi tsawon da zai gagare shi ba. Ya kama su ɗaya bayan ɗaya, ya danna da babban yatsa, ya saki.

"Da saura."

Haka yake cewa kullum. Na tsani kalmar nan har in wani ya faɗe ta a kasuwa sai in ji raina ya ɓaci.

Akwai wani abu game da Baba da duk wanda ya zauna da shi ya sani. Ya tsani abin da yake kira nunar buhu. Masu sayar da mangwaro sukan kakkaɓo shi da ɗanyensa su turmuƙa cikin buhu kwana uku ya yi ja, su kai kasuwa. A wurin Baba wannan algus ne. Shi ɗan itace a kan uwarsa yake nuna, wanda aka raba shi da ita kafin lokaci launi kawai zai yi. Muna yara ya dake mu a kan ɗanyen mangwaro fiye da yadda ya dake mu a kan gudun makarantar allo. To, mutumin da ya yi wa mangwaro wannan gata, ina ga fiyar da ya jira shekara tara? Ya ce kada wanda ya taɓa masa su sai sun yi laushi a sama. Ban yi musu ba, don ni ma haka na san ana yi.

Wata guda ya wuce, na biyu ya bi shi. Aka yanke gero. Fiya tana nan da taurinta kamar dutsen guga. Sai suka fara faɗowa. Baba zai iso da safe ya tarar da ɗaya a ƙasa, ya ɗauka ya danna, ya ji ta da tauri, ya ce iska ce ta ɓarar da ita ɗanya. Sai ya waiga ko wani na kallo, ya tona rami da bakin sandarsa a gindin itacen ya binne ta. Na san dalilin binnewar. Ba ya so labari ya kai majalisa. Huɗu ya binne haka.

Labari kuwa ba ya buƙatar a kai shi, don a majalisar akwai taubashin Baba, wani tsohon mahauci da ya ajiye sana'a amma bai ajiye wuƙa ba, bakinsa kuma ya fi wuƙar kaifi. Taubasantaka ta ba shi damar faɗa wa Baba duk abin da ya ga dama, kuma tun ranar da aka shuka ƙwallayen bai bar damar ta kwana ba. In Baba ya taho zai ce a matsa wa mai shanun icce wuri. In an kawo tuwo wurin suna ya ce a jira, man shanu na bisa icce bai sauko ba. Baba yakan yi dariya ya ce, "Ka dai yi rai, za ka sha da bakinka."

Ta biyar a gabana ta faɗo, ran wata Laraba da la'asar, ina gyaran shinge. Na ɗauka na jefa aljihu, niyyata in kai masa gida. Hanyata ta bi ta gindin durumi, su kuwa suna zaune, har da Baba. Na durƙusa na gaishe su. Tsohon mahaucin ya ga aljihuna ya kumbura.

"Kai, mi ag ga aljihunka?"

Da na ce goro ne, da shi ke nan. Amma gajiya ce a jikina, da haushin fangali shida, da wani mugun son a ga abin da nake fama da shi. Na ciro ta na miƙa masa. Ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa ta a kan sandarsa, ta yi ƙara. Ya zaro wuƙa ya datsa da ƙyar, ya yanko ɗan ɓari ya sa a baki. Ya tauna sau biyu ya tofar.

"Subhanallahi. Wanga na man shanun? Ɗaci gare ta, awa an tauna takalmin roba."

Majalisa ta kece da dariya. Ya juyo wurina ya ce, "Kai da ka ba ta ruwa, hwaɗa muna gaskiya. Tsohonka ya sha abin ga Kurmi ko bai sha ba?"

Na ce, "Wallahi ni ma na hwara tunanin ko mahwalki yay yi."

Dariyar ta ƙaru, har da masu share hawaye. Ni ma na yi. Sai da na ɗaga kai na ga Baba. Ba ya dariya, kuma ba mahaucin yake kallo ba. Taubashi yana da izinin ya ce masa maƙaryaci a wasa, an san wasa ne. Ni ba ni da wannan izini, kuma duk wanda ke wurin ya san ba wasa nake ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce musu sai an jima, ya tafi.

Daga ranar bai sake zama a majalisa ba. Zai je masallaci ya yi salla, ya fito ta ƙofar baya ya bi lungu ya dawo zaure. Bai yi mini faɗa ba. In na gaishe shi ya amsa, in na kawo masa fura ya karɓa. Matata ta ce mini, "Malam, ka je ka ba tsoho haƙuri, abin ga na cin shi." Na ce haƙurin me, ƙarya na yi? Itacen nan ya ci mini ruwa, ya ci mini albasa, yanzu kuma ni zan durƙusa a kansa? Na faɗi haka ne da baki, amma kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Kuma ko da na ba shi haƙuri a zaure, maganar tana can gindin durumi inda na ajiye ta.

Ana nan sai lokacin fitar da albasar ajiya ya yi, wadda muke jibgewa a rudu, wato rumbun albasa, a garka sai ta yi daraja. Akwai wata mata 'yar Kurmi da ta daɗe a Sakkwato, takan bi ƙauyuka tun daga Lambara har Dandin Mahe tana sayen albasa tana loda wa mota. Mama muke ce mata. Tana tsaye ina zazzage buhu sai ta ɗaga kai.

"Mai albasa, wa ya shuka fiya a nan?"

Na ce babana ne, kuma in tana son itacen wuta zan sare mata shi kyauta. Shekara tara, ga guda biyu can sun rage, sun ƙi nuna.

Ta dube ni kamar na ce mata na shuka gishiri. Ta ce, "Kana jira ya nuna a sama? Za ka jira har ka tsufa. Fiya ba ya nuna a kan itace. Ko shekara ya yi a can, da ƙarfi zai zauna. Sai ka cire shi kafin ya fara laushi."

Ta ja ni gindin itacen ta nuna mini. Ta ce in duba fatar, da tana ƙyalli ko? Yanzu ta dusashe. Ta ce in duba ɗan wutsiyar da ke riƙe da ita, ya fara rawaya yana yamushewa. Sannan ta kama ɗaya ta girgiza ta kusa da kunnena, na ji ƙwallon yana ƙwas-ƙwas a ciki. Ta ce in na ga waɗannan, in tsinka da ɗan wutsiyar, in tura cikin dusa ko hatsi, kwana biyar ko shida, in riƙa taɓa wuyanta a hankali. Ta ce, "Wannan ya ƙosa tun tuni."

Na ce, "Ni ma na ƙosa, Mama."

Ta yi dariya. Muna da kalmar nan a bakinmu tun muna yara, mun san ƙosawa daban nuna daban, amma wata uku muna tsaye gindin itace muna neman ɗaya alhali ɗayar tana gabanmu. Baba bai taɓa ganin fiya a kan itace ba a Kurmi. A faranti yake ganinta, a tsage, da cokali a gefe.

Na bar buhuna a buɗe na tafi gida na durƙusa a zaure na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara har na gama.

"Wato nunar buhu."

"Baba, ita haka Allah yay yi ta. Ba ta da wata nuna sai wagga."

"Biyu sunka rage. Waccan ka kai ta anka yi mata dariya. Yanzu kana so ka tsinke min sauran ɗanyu bisa maganar mai sayen albasa." Ya gyara zama. "Kak ka taɓa su."

Na fito ina huci. Tun da nake ban taɓa tsallake maganarsa ba, ko a kan aure ko a kan gona. Washegari da sassafe na je garka na tsinke ɗaya da ɗan wutsiyarta, na kawo gida na tura cikin ƙwaryar dusa a ɗakin matata. Da hantsi ya dawo daga garka ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kai kat tsinke ta?"

"Ni na, Baba."

Ya dube ni ya daɗe, ya juya. Daga nan ko gaisuwar ma da kai yake amsawa.

Kwanakin nan shida sun fi mini shekara taran tsawo. In abin bai yi ba, na tozarta shi a waje, na kuma saɓa masa a gida, ban san da wace fuska zan zauna da shi ba. Sai ga ni ina yin abin da nake jin haushinsa a kai. Kullum da safe in tona dusa in danna, in ji tauri, in mayar. Rana ta huɗu har na zagi Mama a raina. Rana ta biyar na ji kamar wuyan ya ɗan saki, na ce ƙila yatsana ne ya gaji. Rana ta shida yatsa ya shiga ya bar ɗan gurbi.

Na wanke wuƙa na zagaye ta, na murɗa, ta rabu biyu ba gardama. Cikinta rawaya ne a tsakiya, kore-kore a gefe, sumul. Na sa a faranti da cokali na kai zaure na ajiye gabansa.

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya ɗauki cokali ya ɗebo kaɗan ya sa a baki. Ba shi da haƙori ko ɗaya a lokacin, kuma bai buƙaci ko ɗaya ba. Ya rufe ido ya haɗiye. Ya ƙara ɗebowa.

"Ita ta," ya ce a hankali. Can ya ce, "Guda nawa munka yas?"

"Biyar."

"Huɗu da hannuna nib binne su."

"Guda da nawa, Baba." Na ce, "Maganar da niy yi rannan, ka yahe min."

Ya tura mini rabin da bai taɓa ba, ya ɗora cokali a kai. Ya ce, "Ba nan kay yi ta ba. Tashi ka kai musu."

Na so ƙasa ta tsage. Ga ni magidanci mai 'ya'ya uku, ina ratsa unguwa da rabin ɗan itace a faranti. Suna zaune an idar da la'asar. Na durƙusa na ajiye a tsakiyarsu, na ce ga fiyar Baba, kuma maganar da na yi rannan ni na yi ƙarya, abin da ya faɗa haka yake. Cokali ya zagaya. Liman ya ɗanɗana ya gyaɗa kai, ya ce lallai akwai maiƙo, Allah mai iko. Wani ya ce da burodi za ta yi, in da akwai burodin. Wani sai lasar baki yake. Tsohon mahaucin ne na ƙarshe. Ya kankare har ɓawo, ya tsotse cokalin, ya yamutsa fuska.

"Lami. Ba gishiri, ba zaƙi. Wanga abu ad da shekara tara?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa ya ce masa akwai zaƙi? An ce masa alewa ce? Man shanu aka ce, shi man shanun da zaƙi ya san shi? Na ce ga shi ya kankare har ɓawo yana cewa lami. Ni da na yi shekara tara ina tsine wa itacen nan, ni ne tsaye ina tada jijiyar wuya a kansa, sai da Liman ya ce in zauna, da sa'an babana nake magana. Mahaucin kuwa dariya yake har yana tari.

Na dawo da faranti ba komai a ciki. Baba na zaune inda na bar shi.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce man shanu na."

"Dut?"

"Dut."

"Har shi?"

"Har shi, Baba."

Ya kalle ni ta ƙasan ido. Ya ce, "Ƙarya kaka yi. Wancan ko zuma anka ba shi sai ya ce ba gishiri." Sannan ya laluba gefen tabarma ya jawo hularsa ya sa, ya miƙo mini hannu in tashe shi. Ya ce, "Ba ni sandata. Ni ka zuwa in ji da kunnena."